Makirfon Shure SM58 a dandalin ƙauye: ya ci kuɗinsa?

A kayan sautin ƙungiyar da ke yawon biki tsakanin Ɗambatta, Kazaure da Ringim, babu abin da ke riga makirfo mutuwa. Sifika tana zaune wuri ɗaya, mikisa, wato na'urar haɗa sauti, tana kan tebur, shi kuwa daga hannun mawaƙi sai na maroƙi, in liƙi ya yi zafi sai ƙasa. Da wannan idon ya kamata a auna SM58, wanda kamfanin Shure na Amurka ya fitar tun 1966.

Wajen juriya ba shi da na biyu. Jikinsa ƙarfe ne, nauyinsa giram 298, ba ya cin batir, ba ya neman wutar 48V da wasu makirfofi ke ja daga mikisa. In ya faɗi, ragar kansa ce ke lotsewa ta tsare abin da ke ciki, kuma ragar ana kunce ta a sa sabuwa. Zafin Afrilu bai dame shi ba. Murya kuma yana fito da ita gaba, ta hau kan kalangu da fiyano ba tare da an ƙure maɓalli ba.

Sai dai yana son a iya riƙe shi, a nan ne mawaƙa da yawa ke cutar kansu. Ta gaba yake ji, ta baya kurma ne, kuma wannan kurumtar ce ke hana shi kuka. Da zarar mawaƙi ya dunƙule hannu ya rufe rabin ragar, ya toshe kafofin baya, makirfon ya koma ji ta ko'ina, sai ka ji "fiiii" ta tsaga kunnen jama'a. A riƙe shi a gindi, tazarar yatsu biyu zuwa uku daga baki. In an manna shi da leɓe bes, wato kaurin murya, yana ƙaruwa, kalmomi su cakuɗe. In an kai shi kamu ɗaya muryar ta sirance. Sifikoki su kasance gaba da mawaƙi da kamar taku uku, suna fuskantar taro. A sa mawaƙin ya ɗaga murya iya yadda zai yi a wasa, a murɗa maɓallin GAIN na mikisa, mai ƙara ƙarfin makirfo, har jar fitila ta fara ƙiftawa, sannan a ja baya kaɗan. Eko kuwa a taƙaita shi. Mutanenmu na son eko, amma yawansa na jawo kuka, yana kuma cinye sunan wanda ake wasawa, alhali sunan ne ya kawo kuɗin.

Babbar matsalarsa jabu. A shagunan Sabon Gari za ka tarar da kwali iri ɗaya, farashi ya bambanta nesa ba kusa ba. Na asali yana kai wajen dala 100, don haka in an yi maka tayin kwatan wannan kuɗin, ka san me aka miƙo maka. Rubutun ƙasar ƙira ba hujja ba ne, domin kamfanin yana yin sa a Meziko da kuma Sin. A auna shi a sikelin dijital, a ga ko ya yi kusa da nauyin na asali. A kunce ragar, a danna kan a hankali da yatsa: na asali yana zaune kan roba mai laushi, yana ɗan nutsewa ya dawo. A jona shi, a murza jikinsa a tafin hannu. Jabu zai yi ta gurnani a sifika, na asali da kyar za ka ji motsi. SM58 zalla ba shi da makunni, mai makunnin sunansa SM58S.

Sau da yawa kuma wayar ce mai laifi. A yi amfani da mai baki uku ta kowane ɓangare, wato XLR: ƙafa ta 1 ta hanyar ƙasa ce, wato "earth", ta 2 da ta 3 su ke ɗauke da sauti. Waya mai kan jak tana kwaso huci idan ta yi tsawo, balle in an shimfiɗa ta jere da wayar janareto. In dole su haɗu, su gitta juna. Ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji in mawaƙi ya motsa, yawanci dalma ce ta saki a cikin kan wayar, aikin minti biyar ne. A ajiye waya biyu ta ko-ta-kwana.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: in makirfo na jan leɓe, wuta ce ke yawo a jikin kayan, wataƙila saboda janareton ba shi da hanyar ƙasa. A tsaida wasa. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa, a jiƙa wurin da ruwa, a ɗaure ta da waya mai kauri zuwa kusoshin ƙasa na injin. Naɗe makirfon da hankici ba magani ba ne.

Da hunturu ƙura da yawu suna daskarewa a soson cikin raga, muryar ta dushe. A kunce ragar kaɗai, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a goga da tsohon buroshin haƙori, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Ruwa kada ya kusanci kan makirfon.

Inda ya gaza shi ne 'yan amshi. Mutum huɗu a kan guda ɗaya, na tsakiya kawai za a ji. Biyu-biyu ne iyakarsa. Maroƙin da ke ratsa taro ma waya za ta ɗaure shi, gara a nemar masa mara waya. Ƙungiyar da kuɗinta bai kai ba ta sayi na asali guda ɗaya ta ba jagoran waƙa, 'yan amshi su lallaɓa da masu araha har damina ta yi kyau.