Wane Cuku Ya Dace Da Kicin Ɗinki?

Uwargida, kafin ki miƙa kuɗi ki tambayi kanki abu biyu: me zan dafa, kuma wutar unguwarmu tana riƙe firji? Amsar ce za ta zaɓar miki cuku, ba kyan kwali ba.

A manyan kantuna, duk abin da aka daskarar daga madara Bature suna ɗaya yake kiransa, cheese, alhali ba aikinsu ɗaya ba. Idan fiza ce ko taliyar gashi, mozarela za ki nema, mai narkewa tana jan zare. Asalinta Italiya, inda ake yin ta gargajiya da nonon ɓauna, amma wadda ke zuwa mana galibi ta saniya ce. Ɗanɗanonta lami ne, kada ki sa ran za ta ɗaga girki. Mai ɗaga girki shi ne cheda, wanda ya samo suna daga wani ƙauye a Ingila; yana da gishiri da ɗan tsami, kaɗan ya isa a cikin ƙwai ko burodi. Tsadarsa da dalili: kilo 1 na cin madara kusan lita 10. Duka biyun ba sa haƙuri da zafi, kwana biyu babu wuta sai gumi da wari.

Mai kusurwa uku da ake naɗewa a takardar azurfa, irin La Vache qui rit da Faransa ta fara yi a 1921, narkakken cuku ne da aka haɗa da madara da wasu gishirai. Ya fi jure rashin firji, yara na son sa a burodi, amma ba na fiza ba ne.

Ki riƙa juya kwali ki karanta bayansa. Idan man ganye ya zo a sahun farko, wannan kwaikwayo ne, shi ya sa ya yi arha. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan tambarin halal, domin ana daskarar da wasu da sinadarin da ake ciro wa daga tumbin ɗan maraƙi. Famizan na ainihi, wani cukun Italiya mai tauri wanda sai ya shekara 1 a ajiye kafin a sayar, da wannan sinadarin ake yin sa.

Ni dai da za a bar ni, namu na gida zan fara ɗauka. Warar Fulani da ruwan tumfafiya ake daskarar da ita, ba ta narkewa a wuta, don haka ta dace da suya da miya, tamkar nama. A Gana da Benin wagashi ake ce mata, wani lokaci a rina ta ja da karan dafi. Aibinta ɗaya, ba ta daɗewa: ki saya da safe, ki tafasa da gishiri ko ki soya a ranar. Kada ki ɗauka ita ce awara, wannan ta waken suya ce, babu nono a ciki.

Cukun Nijar kuwa, na Buzaye da Fulanin yankin Tawa da Agadas, falle-falle ne busasshe da rana ta gama masa aiki. Ba ruwansa da firji. Ana cin sa da shayi ko a daka shi cikin fura. Ki zaɓi mai haske mara tabon funfuna, ki shinshina, idan ya yi warin tsohon mai ki ajiye wa mai sayarwa abinsa.