Hattara da masu tallan "rance cikin awa 24"

Lokacin da jari ya yi ƙasa, ga albashin ma'aikata ga kuɗin sari, shi ne lokacin da masu tallan rancen gaggawa suke samun shiga. Wasu ba su da ko sisin da za su bayar. Za su ce an amince da buƙatarka, amma ka fara tura kuɗin fom ko na inshora, wani sa'in har da lambar sirrin da banki ya turo wa wayarka. Kana turawa, layinsu ya daina shiga.

Waɗanda suka fi wuyar ganewa su ne masu ba da kuɗin da gaske, domin tasu damfarar a lissafi take. An ce maka ruwa kashi 5 cikin 100 ne kacal. Ka nemi dubu 100 na kwana 30, aka zare dubu 10 a matsayin kuɗin hidima, dubu 90 suka shigo asusunka, ranar biya kuma dubu 105 za ka mayar. Dubu 15 ke nan a kan dubu 90, kusan kashi 17 a wata, kashi 200 a shekara. Ina kashi 5 ɗin?

Haka rancen da ake cirar biyansa kullum daga ciniki: ka karɓi dubu 100, ka biya dubu 130 cikin wata 6. A ido kashi 30 ne. Amma tun washegari ake rage uwar kuɗin, a tsakaice rabinsu ne kawai ke hannunka, don haka ainihin ruwan ya haura kashi 100 a shekara. Ranar da ba ciniki ma sai an cira.

Kwatanta da bashin kaya. Idan mai ba ka sari yana ragin kashi 2 ga wanda ya biya cikin kwana 10, kai kuma ka jira kwana 30, abin da ka yi asara kusan kashi 37 ne a shekara. Da tsada, amma ko kusa bai kai waɗancan ba.

Kafin ka sa hannu, a rubuta maka nawa zai shigo, nawa za ka mayar gaba ɗaya, ranakun biya, da tarar jinkiri. Ka duba lasisinsu a shafin hukumar da ke kula da masu ba da rance, ba hoton takardar da suka turo ba. Kada ka ba da cek mai sa hannu babu adadi, kuma manhajar da ta nemi shiga lambobin wayarka, da su za ta tozarta ka ranar da ka makara.