BIM Collaborate Pro Na Autodesk: Abin Da Yake Gyarawa A Aikin Gini Da Inda Yake Gazawa

Duk wanda ya taɓa riƙe aikin bene ya san wannan rigimar. Akitek yana Abuja, injiniya yana Kaduna, fili yana Kano, zane kuma yana yawo a WhatsApp da sunaye iri-iri: na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe wanda Alhaji ya amince. Ranar da za a zuba dekin sai a tarar kafinta ya buga katako da zanen watan jiya, mai ɗaurin rodi kuma yana riƙe da na makon jiya. Wannan ciwon ne BIM Collaborate Pro ya zo magancewa, don haka a kansa za mu auna shi.

Kafin a yi nisa, a raba BIM da bim. Bim ɗin da magina suka sani shi ne dogon kankaren da ke ɗaukar dekin tsakanin fila da fila. BIM kuwa salon aiki ne: a gina ginin gaba ɗaya cikin kwamfuta, kowace katanga da ƙofa da bututu da girmansu da kayan da aka yi su da shi, sannan a riƙa yanko fulan da sauran zanuka daga wannan samfuri guda. Manhajar da ta fi yaɗuwa wajen wannan aiki ita ce Revit, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2002. BIM Collaborate Pro ba Revit ba ne, hidima ce da ake biya a kan Revit, wadda ke ɗora samfurin a rumbun intanet don mutane da yawa su yi aiki a cikinsa lokaci guda daga garuruwa daban-daban. Da ana kiranta BIM 360 Design, aka sauya suna a 2021. Kamfanin yana da son sauya sunayen kayansa, saboda haka wajen saye a tambayi dillali kai tsaye: wannan lasisin yana ba da damar mutum biyu su shiga fayil ɗin Revit ɗaya ta intanet ko kuwa?

Kafa aiki ba ya cin rana guda in mutum ya san hanya. Mai kula da asusu zai buɗe aikin, ya gayyaci mutane da adireshin imel ɗinsu, ya raba su ƙungiya-ƙungiya: ta akitek, ta injiniya, ta masu wuta da ruwa. Kowace ƙungiya tana samun jakarta da babu mai taɓa mata. Daga cikin Revit sai a shiga shafin Collaborate a tura samfurin sama. Wanda ya je can shi ne uwar fayil, kowa kuma kwafi ne ke zaune a kwamfutarsa. Da zarar ka taɓa katanga, manhajar za ta aro maka ita daga uwar, ta kulle ta da sunanka, babu wanda zai iya motsa ta sai ka danna Synchronize with Central ka mayar da aron. Kada a wuce minti 30 zuwa awa guda ba a danna shi ba. Wanda ya tara aikin yini sannan ya tura, shi ne zai tsayar da kowa yana jira.

Matsalar farko da ake karo da ita ta hali ce. Ma'aikaci ya ari rabin hawa na biyu, wuta ta ɗauke, batirinsa ya mutu, ko kuma ya rufe kwamfuta ya tafi ƙauye hutun Sallah. Duk abin da ke hannunsa ya kulle ke nan. Akwai hanyar ƙwacewa da ƙarfi ta wajen sarrafa samfuran da ke rumbu, amma duk aikin da bai tura ba ya bi ruwa. Dokar ofis ya kamata ta zama ɗaya: ba a tashi daga kujera sai an tura, an kuma saki komai.

Akwai wani tarko da ke kama kusan kowane sabon shiga. Turawa uwar fayil daban, wallafawa daban. Abin da ɗan kwangila ko mai gini ke gani in ya buɗe ta burauza ko ta waya shi ne wanda aka wallafa na ƙarshe, ko da kuwa an yi sati biyu ana gyare-gyare a ciki. Sai an zaɓi takardun da za su fita a Publish Settings, sannan a wallafa. Wannan tsari ba aibu ba ne, don ba a so zanen da bai nuna ba ya kai hannun magini. Sai dai manhajar ba ta jan kunne yadda ya kamata, kuma mutum zai iya rantsewa ya aika gyara alhali can a fili tsohon ake kallo. Gara a sa mata ranar wallafawa ta kai-da-kai, misali kowace Alhamis da yamma, sannan a wallafa da hannu duk lokacin da aka taɓa abin da ya shafi rodi ko awo.

Inda hidimar ta fi burgewa shi ne musayar aiki tsakanin ƙungiyoyi. Akitek zai haɗa ƙunshi, wato samfurinsa da takardun da ya yarda da su, ya miƙa. Injiniya zai ga ƙunshin a kan layin kwanaki, ya buɗe, manhajar ta nuna masa da launi abin da aka ƙara, abin da aka cire da abin da aka matsar tun ƙunshin baya. Sai ya gamsu sannan ya karɓa cikin nasa. Ana iya jona samfuran kai tsaye ta yadda duk abin da akitek ya tura zai bayyana wa injiniya da zarar ya sabunta jonin, kuma ƙananan ofisoshi sun fi son haka don ya fi sauri. Shawararmu a guje shi in dai ba ofis ɗaya ba ne. Akitek yana gwada faɗaɗa falo don ya nuna wa mai gini, injiniya ya gani ya matsar da fila, washegari akitek ya fasa: aikin kwana biyu ya tafi a banza. Tsarin ƙunshin ya yi daidai da ƙa'idar duniya ta ISO 19650 da ta fito a 2018, wadda ta raba bayanan gini gida huɗu: wanda ake kan yi, wanda aka raba wa abokan aiki, wanda aka wallafa don a gina, da wanda aka adana. Manyan ayyuka da dama a ƙasashen waje da wannan ƙa'ida ake yinsu yanzu, musamman a Birtaniya inda gwamnati ta wajabta BIM a ayyukanta tun 2016.

Sai gano karo, wato inda sassa biyu na gini suka shiga cikin juna a samfuri, wanda shi ne abin da dillalai suka fi tallatawa. Ga misali na kusa. Banɗaki a hawa na ɗaya, bututun masai mai inci 4 zai bi ƙarƙashin dekin ya yi mita 6 kafin ya kai babban bututun da ke sauka sokawe. In aka ba shi gangara ta 1 cikin 40, zai sauka milimita 150 a wannan tafiyar. Dekin kaurin milimita 150 ne, bim kuma faɗin 225 da zurfin 450, ke nan 300 na bim yana leƙowa ƙasa, daidai kan hanyar bututun. A zanen takarda layi biyu ne kawai suka gitta juna, babu wanda zai lura. A fili kuwa, bayan an cire katako, mai aikin famfo zai ɗauko guduma da kurfi ya huda bim ɗin, in zoben rodi ya tare shi ya yanke, a shafe da filasta, shi ke nan an binne rauni a cikin gini. A samfuri, da an ɗora na injiniya da na ruwa sai wurin ya fito da launi. A manna masa alama, a rubuta wa injiniya da ranar da ake son amsa, shi kuma ya yanke: ko a bar kafar bututu a inda ya zaɓa kafin a zuba kankare, ko a matsar da babban bututun, ko a sauke silin bututun ya bi ta ƙasan bim. Irin wannan guda biyar ko shida in aka kama su a otal ko asibiti, lasisin ya biya kansa.

Amma fa injin ba shi da hankali. Zai ƙirga duk inda bututu ya ratsa katangar bulo a matsayin karo, haka duk inda filasta ta shafi fila, har a wayi gari da dubbai, kowa ya karaya ya daina dubawa. Maganin shi ne kada a tura masa samfurin gaba ɗaya. A ware masa hotuna masu zurfi (3D) na musamman: ɗaya na fila da bim da dekin kaɗai, ɗaya na bututan ruwa, ɗaya na hanyoyin iskar sanyi, kuma hawa-hawa. A sa masa iyaka ya ƙyale duk karon da bai kai milimita 25 ba. Babbar matsalar ma ita ce, a yawancin ayyukanmu masu zanen wuta da ruwa da manhajar zane ta AutoCAD suke aiki a shimfiɗe, layi ne ba bututu ba. In babu bututu a samfuri babu abin da zai yi karo. Injiniyoyi da dama kuma manhajar lissafin gini ta ProtaStructure suke amfani da ita, sai an fitar da aikinsu ta IFC, wato nau'in fayil da manhajoji daban-daban ke iya buɗewa, ko ta mahaɗin Revit, kuma tilas a duba ko hawa da layukan fila sun zauna daidai bayan an shigo da shi.

Batun zama daidai ya kawo mu ga zanen safiyo. Revit ba ya son komai ya yi nisa fiye da kilomita 16 daga cibiyarsa ta ciki. Awon safiyo a Kano kuwa, a tsarin lambobin taswira na UTM, lambar arewarsa ta haura mita miliyan 1.3. In aka shigo da fayil ɗin cibiya kan cibiya, ginin zai faɗa fiye da kilomita 1,300 daga inda manhajar ke lissafi, layuka su fara rawa, awo ya riƙa ɓata, samfurin injiniya ya ɓace daga allo. A gina samfurin kusa da cibiya, a jona zanen safiyo a matso da shi, sannan a karɓi lambobinsa ta Acquire Coordinates, a raba wa sauran ƙungiyoyi tun makon farko. A kuma tambayi safiyo ko da tsarin awo na Minna ya auna ko da na WGS84, don akwai tazara mai yawa tsakaninsu.

Intanet fa? Ba ƙarfinsa ne abin dubawa ba, tsayuwarsa ce. Buɗewar farko tana sauko da fayil ɗin gaba ɗaya, bayan nan canje-canje kawai ke tafiya, don haka data ba ta ƙonewa kamar yadda ake tsoro, muddin ba a goge ma'ajiyar wucin gadi da ke kwamfutar ba. Amma kowane aro sai ya je rumbu ya dawo, kuma rumbunan kamfanin suna nesa da mu, mafi kusa shi ne na Turai, wanda ya kamata a zaɓa tun wajen buɗe asusu. In sabis ya yanke ba ka iya aron sabon abu, ba ka iya turawa. Ofishin da zai dogara da wannan hidima yana buƙatar layi biyu na kamfanoni daban-daban, ko Starlink da ya shigo Najeriya a 2023, da inbata a kan rauta ita kanta. Kwamfuta kuma Windows ce dole, da ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 16 a ƙalla, 32 in samfurin ya kai megabayit 300 kuma akwai wasu a jone.

Kuɗi shi ne inda magana ke ɗaci. Ana biya ne kan kowane mutum, da farashin da ke bin dala, kuma bayan kuɗin Revit ɗin kansa. Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin tun 2016, komai haya ne. Manyan ofisoshin akitek na Birtaniya ma, ciki har da Zaha Hadid Architects da Grimshaw, sun rubuta wa kamfanin budaɗɗiyar wasiƙa a 2020 suna kukan tsada, balle ofishin mutum shida da ake biyansa da naira, ita ma sai an yi ta bibiya. Kwafin sata da ake sakawa a kasuwa ba ya shiga rumbu, lasisin ɗalibi bai halatta a yi aikin kuɗi da shi ba, ƙaramin Revit mai suna Revit LT kuma ba ya aikin tarayya. Ƙari a kan haka, dole kowa ya kasance kan Revit na shekara iri ɗaya. In aka ɗaga aikin daga 2024 zuwa 2025 ba a komawa, wanda bai sabunta ba ya tsaya a waje.

Ga gidan zama na ƙasa ko dufuleks da mutum biyu ke zanawa a ofis ɗaya, asara ce. Uwar fayil a kan kwamfutar ofis tana yin aikin tarayya ba tare da ƙarin kobo ba, rumbun wani kamfani mai suna Trimble Connect kuma yana da matakin kyauta da ya isa a nuna wa mai gini samfuri. Masu Archicad, kishiyar Revit, suna da nasu rumbun mai suna BIMcloud. Wurin da BIM Collaborate Pro ke cin kuɗinsa shi ne bene mai hawa huɗu zuwa sama, ko asibiti, ko otal, inda aƙalla ƙungiyoyi uku ke zana samfuri na gaske daga wurare daban-daban. Ko a nan ma masu zane kaɗai za a saya wa babban lasisin, masu dubawa ba sa buƙatarsa.

A bakin fili kuwa hidimar tana tsayawa ne a hannun injiniyan da ke kula da aiki. Zai iya sauke takardu a wayarsa ya duba ko babu sabis, amma birkila da kafinta takarda suke so, babba, a manne a allo. Haka hukumomin ba da izini irin su KNUPDA ta Kano da KASUPDA ta Kaduna, zane mai hatimin akitek da injiniya masu rajista suke nema. Don haka duk wallafawar da ta shafi awo sai an buga ta da lambar gyara da kwanan wata, a karɓe tsohuwar daga hannun ma'aikata a soke ta da jan biro. Sannan kafin haya ta ƙare, a sauke samfurin Revit, da kwafin IFC, da duk takardun PDF a faifai biyu, ɗaya na ofis, ɗaya na mai gini.