Sharhi: Funeral for Justice na Mdou Moctar, a kunnen ɗan Jos

Funeral for Justice, kundin da Mdou Moctar da ƙungiyarsa suka fitar a watan Mayun 2024 ƙarƙashin kamfanin Matador, shi ne faifan rok da ya fi kowanne kama ni a 'yan shekarun nan. Na taso ina jin Linkin Park da Nirvana a wayoyin yayyenmu, daga baya na koma wa tsofaffi irin su Jimi Hendrix da Led Zeppelin, don haka hayaniyar jita ba baƙuwata ba ce. Amma rabon da wani kiɗa ya sa in ajiye abin da nake yi in zauna domin shi kaɗai, an daɗe.

Su huɗu ne. Mdou, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne ɗan Nijar da ya yi suna a Agadez, shi ke riƙe da babbar jita, kuma bahago ne. Ahmoudou Madassane na kaɗa jita ta biyu, Souleymane Ibrahim na kan ganguna, sai Ba'amurke guda, Mikey Coltun, mai jitar bes, wanda kuma shi ya tsara ɗaukar faifan. Waƙoƙi tara ne, da Tamashek, harshen Abzinawa, ake rera su.

Abin da ya raba su da sauran masu rok da na sani shi ne yadda kiɗan ke zagayawa. A rok ɗin Turawa an saba da baiti, amshi, baiti, sannan a ba mai jita fili ya nuna kansa, a rufe. Su waɗannan sai su kama zagaye guda su yi ta nanata shi, Ahmoudou da mai ganguna suna shiga tsakanin juna kamar mata uku na lugude a turmi ɗaya, kowa ya san inda taɓaryarsa za ta sauka. Gudun yana ƙaruwa a hankali ba ka ankara ba. A kan wannan shimfiɗa Mdou ke sakin jitarsa, yatsunsa na karkarwa a kan tsirkiya, sautin na tashi yana kuka yana dawowa. Mutane na yawan yabonsa shi kaɗai, har ana haɗa shi da Hendrix. A ganina ana tauye wa mai gangunan haƙƙi. Cire Souleymane Ibrahim, rabin wutar faifan ta mutu.

Waƙa ta biyu, Imouhar, ita ce wadda nake kunna wa duk wanda ya tambaye ni me nake ji. Tana farawa can ƙasa-ƙasa, sauti siriri, har ka ɗauka lasifikarka ce ta samu matsala ka kai hannu ka ƙara murya. Kana ƙarawa sai komai ya faɗo maka a lokaci guda. Wani dare cikin sanyin hunturun nan namu na Jos, ina zaune a ƙofar gida da ƙaramar lasifika, sai dattijon Ba'abzinen da ke gadi a layinmu ya taso daga gaban wutar da yake jin ɗumi, rawaninsa ya rufe masa baki, ya tsaya a kaina.

"Yaro, ina ka samo wannan?"

Na ce, "Baba, a waya ne. Kana jin abin da yake faɗa?"

Ya yi dariya ya ce ai harshensu ne. Ya sa na mayar da ita farko, ya tsuguna, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mini mawaƙin yana yi wa 'yan'uwansa faɗa ne kan su riƙe harshensu, kada 'ya'yansu su tashi ba su iya shi ba. Bai ce komai game da jitar ba, sai dai ya ce in rage ƙarar kaɗan saboda masu barci.

Faifan gaba ɗaya haka yake, faɗa ne da fushi. Oh France kai tsaye take magana da tsohuwar uwargijiyar Nijar, kuma duk wanda ya san cewa an kwashe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyuka da yawa na ƙasar ba su da wutar lantarki, ya san inda zafin ya fito. An gama ɗaukar waƙoƙin tun kafin juyin mulkin Yulin 2023, don haka kada wani ya ɗauka yayin siyasa suka bi.

Akwai wani abu da ya kamata mu 'yan Arewa mu sani: kundin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin lanƙwasa muryar nan ta na'ura da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu, daga waya zuwa waya, irin dai yadda masu tura waƙa a Taminus ke cika wa mutum kati. Ta haka kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da shi. Mutumin da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, yau shi ke cika dandali a Amurka da Turai, mu kuma maƙwabtansa da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Na tambaya a shagunan tura waƙa na cikin gari, kallona kawai aka yi.

Ba komai ne ya yi mini ba. Muryar Mdou siririya ce, kuma a wurare da dama jita ta danne ta, ko mai jin Tamashek sai ya kasa kunne sosai. Daga tsakiyar faifan, idan ba a natse kake ba, waƙoƙin kan fara kama da juna. Kundinsu Afrique Victime na 2021 ya fi shi ba kunne hutu, yana da waƙoƙi masu sanyi a tsakani, kuma har yanzu shi nake ba sabon shiga ya fara da shi. Sannan wannan ba kiɗan lasifikar waya ba ne ko kaɗan. A can bes ɓacewa yake, ganguna su koma ƙwas-ƙwas, jita ta riƙa soke kunne. Sai da iyafis mai kyau ko lasifika mai ɗan nauyi. Mafi daɗin da na ji shi a mota ne, a hanyar Bukuru, gilashi a rufe.

A 2025 sun sake fitar da yawancin waƙoƙin nan a Tears of Injustice, da jitar da ba ta lantarki ba. Sun ɗauke shi ne lokacin da juyin mulki ya rutsa da su a Amurka, hanyar gida a rufe. Ana jin kalmomi sosai a cikinsa, kuma yana da taushi, amma ni na lantarkin na fi so.

Wanda wannan ya yi masa, akwai sauran. Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya ne masu kiɗan biki a Agadez, nasu ya fi fara'a da sa rawa. Bombino ya fi santsi. Tinariwen na Mali su ne manya, sun ci Grammy a 2012. Tal National na Yamai kuwa har da Hausa suke waƙa. Kawuna, wanda ya yi samartakarsa a shekarun 1970, da na kunna masa Mdou sai ya ce, "Ɗana, ku ne kuke ganin sabo, mu mun yi zamanin BLO da Ofege." Ya sa na nemo masa waƙoƙin waɗannan tsofaffin ƙungiyoyin rok na Najeriya, kuma tun ranar yake damuna in tura masa a memorinsa.