Hattara da mai tallan amfilifaya mai bawul a Katsina

Salamu alaikum jama'a, dan Allah ƴan kwamitin masallaci da malaman Islamiyya da masu bada hayar kayan sauti ku karanta wannan kafin ku tura ma kowa kuɗi. Akwai wani da ke yawo da hotuna a Facebook da gurup gurup na WhatsApp yana tallan amfilifaya mai bawul, wato ƙwan gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti irin na tsoffin rediyo, wai tokumbo ce daga Ingila, wai wat 500 take badawa, ga bawul biyu a samanta suna haske gwanin sha'awa. Bai da shago, yau ya ce ku haɗu Ƙofar Ƙaura gobe ya ce Ƙofar Marusa, kuma sai ka fara tura rabin kuɗi a wani akawun da ba sunanshi ba. Guda ta zo teburina, wani dattijo ya kawo ta bayan ta ɗauke mashi ana tsakiyar karatu, na kwance bayanta.

Wallahi bawul ɗin nan ado ne kawai. Wayoyi biyu rak suka shiga ƙafarsu, na hita, wato volt 6.3 ɗin da ke sa zaren ciki yai ja, sauran ƙafafun ko dalma ba a taɓa ɗiga masu ba, ƙarƙashi kuma an manna ƴar LED mai ruwan lemu da gam don hasken ya fito a hoto. Sautin duka daga wani ɗan bod yake fita mai IC TDA2030, irin na ƙananan sifikun kwamfuta, wanda ko wat 20 bai kaiwa. Har guntun ƙarfe ya ɗaure da noti a ciki don in ka ɗaga ka ji nauyi.

To bari in gaya maku yadda ta gaskiya take aiki, in kun gane wannan ba mai cutarku. A tsarin fush-ful bawul biyu na ƙarshe raba aiki suke, kamar mata biyu na lugude a turmi guda, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Kafin su akwai ƙaramin bawul, yawanci 12AX7, shi ke raba sautin gida biyu ɗaya kishiyar ɗaya, ya ba kowa nashi. Su kuma manyan, ko EL34 ne ko 6L6 ko KT88, kowane yana haɗe da gefe guda na wayindin taransifomar sauti, wutar na shiga ta tsakiyar wayindin, volt 400 ko fiye, sai taransifomar ta haɗe aikin su biyun ta miƙa ma sifika. Tunda wutarsu na tafiya saɓanin juna a cikin ƙarfen, gurnanin wuta da wani ɓangare na dattin sauti suna kashe juna, shi yasa ake son tsarin. Kenan dole ka ga manyan taransifoma biyu, ta wuta da ta sauti, kuma a baya ka ga ramukan sifika an rubuta 4, 8, 16 ohm. Ta mai tallan nan taransifoma guda ɗaya ce ƴar mitsitsiya.

Maganar wat 500 kuwa ƙarya ce tsagwaronta. EL34 biyu wajen wat 50 suke badawa, amfilifayar kamfanin Marshall ma mai wat 100 guda huɗu ake sa mata, EL84 biyu kuwa wajen 15. Bawul biyu irin waɗannan ba su yin 500 ko me aka yi masu.

In dai sai ka saya, ka je da mai gyara, kar ka tura ko sisi kafin a gwada gabanka. A kunna, ta gaskiya sai bawul sun ɗau zafi na ƴan daƙiƙu sannan murya ta fito, ta bogi nan take take magana. A kashe, a bari ta huce, a zare bawul ɗin biyu a sake kunnawa, in ta ci gaba da magana ka kama hanyarka. Sannan ka lura, in mai kayan na kunna ta yana murɗa bolum ba sifika a jiki kuma bai damu ba, to ya san abinda ke ciki, don ta gaskiya hakan na iya ƙona mata taransifoma. Kai kuma kar ka sa hannu ciki, kafasito na riƙe wuta ko an zare soket, tana iya kisa.

Ko ta gaskiyar ma a duba bawul ɗin, dole su zama abokan juna masu jan wuta daidai, in an haɗa tsoho da sabo sai ɗaya ya ja fiye da ƙima ka ga farantin cikinshi yai jajir, sauti na karkarwa. Ni dai a ganina masallaci ma bai buƙatar wannan wahalar, da yanayin wutar NEPA ɗinmu gara amfilifaya ta taransisto mai aiki da batir 12 volt, ga araha ga kayan gyara a kasuwa. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya aje rasit ɗin tiransifa da hirarsu ta WhatsApp ya kai ma ƴan sanda, ya kuma sanar da bankinshi da wuri.