Ajin koyon ɗibbu a Bauchi: abin da na samu da abin da ya rage

Wata uku na yi ina halartar ajin koyon ɗibbu, wato tsohon ilimin likitanci na Girkawa da Larabawa, da wani malami yake gudanarwa a bayan shagonsa na magungunan Musulunci, kusa da Kasuwar Wunti a cikin garin Bauchi, kowace Asabar da Lahadi bayan sallar la'asar. Na shiga ne da tunanin za a koya mini haɗa hulba da zuma da habbatus sauda, sai na tarar malam ya fara da asalin ilimin tun daga tushe.

Ya bayyana cewa wannan ilimi ya samo tushe daga likitocin Yunan (Girka), wato Buƙrat da Jalinus, sannan masu fassara irin su Hunainu ɗan Is'haƙ suka mayar da littattafansu zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, kafin Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya tsara shi a cikin Alƙanun fiɗ Ɗibbi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya rarrabe tsakanin wannan ɗibbu da Ɗibbun Nabawi, domin mutane da yawa a wurinmu suna ɗaukarsu abu guda, alhali kowanne da madogararsa.

Darasin mizaji, wato yanayin jikin mutum ta fuskar zafi da sanyi da danshi da bushewa, shi ne ƙashin bayan karatun. An koya mana ruwayen jiki huɗu, wato jini da majina da safara'u (ruwan matsarmama mai launin ɗorawa) da sauda'u (baƙin ruwan matsarmama), da yadda kowannensu yake da rabonsa na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, tun da mu ma muna cewa ciwon sanyi ya kama mutum, ko zafi ya yi masa yawa. Daga nan malam ya daɗe a kan abubuwa shida da lafiya ta rataya a kansu: iska, da ci da sha, da motsi da hutu, da barci da farkawa, da fitar da abin da jiki ba ya buƙata ko riƙe shi, da kuma halin zuciya. A ganina, wannan babi kaɗai ya isa kuɗin da na biya, domin ya sa na daina cika ciki da tuwo dab da kwanciya.

Inda ajin ya gaza shi ne ma'auni. Da muka zo kan sanamakki, wanda kowa ya san yana wanke ciki da ƙarfi, sai aka ce a ɗebi "kaɗan", ba cokali ba awo, kuma ba a ja kunnenmu game da masu juna biyu ba sai da wata ɗaliba ta tambaya. Haka kuma wasu kwalaben da ke kan kantar shagon ba su da lambar NAFDAC. Ƙaho dai an yi shi da tsafta, kowane mutum da sabuwar reza da sabon kofi.

Na kuma yaba wa malam a kan wani abu. Wani dattijo mai ciwon sukari ya tambaye shi ko ya ajiye maganin asibiti, sai ya ce masa: "Baba, kada ka kuskura, ka ci gaba da ganin likitanka." Mai son fahimtar tsarin ilimin zai amfana da ajin, amma wanda yake son buɗe shago ya fara ba jama'a magani, wata uku ba za su ishe shi ba.