XMLSec: ta apt ko ka harhaɗa da kanka?

Masu kula da sabar a Abuja sun sha tambaya ta wace hanya za su sa XMLSec, laburaren da ke sa hannu na dijital a takardun XML, kamar na SAML (tsarin tantance mai shiga manhaja ko shafi), yana kuma rufe sirrinsu.

Ta apt, manhajar da ke sa shirye-shirye a Ubuntu, aikin minti biyu ne: ka sa libxmlsec1-dev da libxmlsec1-openssl, shi ke nan. Gyaran tsaro kuma yana zuwa da sabuntawar Ubuntu. Sai dai Ubuntu 22.04 tana kawo 1.2.33, tsohon zubi.

Harhaɗawa daga tushe, wato ka gina shirin da kanka daga lambar asalinsa, tana ba ka jerin 1.3 da ya fito a 2023, amma sai ka tanadi libxml2, libltdl da pkg-config, sannan duk ɓarakar tsaro da ta ɓullo kai za ka bi. Wannan nauyi ne, kada a raina shi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne Python: lxml, manhajar sarrafa XML a Python, ta zo da nata libxml2, xmlsec na Python kuma ya jingina da na kwamfutar, sai shirin ya ƙi tashi. Maganin shi ne ka harhaɗa su biyun daga tushe da umarnin pip install --no-binary lxml,xmlsec lxml xmlsec.

Ƙaramin ofis mai ma'aikaci ɗaya ya tsaya kan apt. Mai buƙatar sabon zubi, da ke da mai bibiyar tsaro, ya harhaɗa.